Allurar da Ta Tsayar da Zabuwa

Tun tana firamare ake ce mata Zabuwa, kuma ba yabo ba ne. Ƙyanda ta bar mata ɗigo-ɗigo a fuska, ƙafafunta sirara, in kuma ta yi laifi aka biyo ta da bulala sai dai mai binta ya tsaya yana haki. Yayyenta maza ne suka laƙa mata sunan. Ta yi kuka, ta kai ƙara, a banza. Daga baya har mahaifiyarta in ta sha'afa sai ka ji ta ce, "Ke Zabuwa, zo ki kwashe kwanukan nan."

Babanta gyaran keke yake yi a wata 'yar rumfa a bakin titi. Malamar motsa jiki ta sakandare ce ta taka har rumfar, ta ce masa 'yarsa na da baiwar da ba kowa ke da ita ba, kada a bari ta lalace. Ya goge bakin man da ke hannunsa da tsumma, ya ce shi dai bai taɓa jin wanda ya ci abinci da gudu ba in ba ɓarawo ba. Amma washegari da sassafe ya fito da kekensa, ya ce ta shige gaba. Haka suka yi shekaru, tana gaba yana baya, in ta rage sauri ya kaɗa mata ƙararrawa. Bai ga ranar da ta fara sa rigar ƙungiya ba. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi tana ajin ƙarshe.

Wani kamfanin siminti da ke da ƙungiyar 'yan tsere ne ya ɗauke ta. A takarda ma'aikaciyar sashen tsafta ce, amma ba ta taɓa riƙe tsintsiyar kamfani ba. Aikinta gudu, na mita dubu biyar. Albashin ba wani abin kirki ba ne, sai dai yana zuwa, da shi take taimakon Inna, da shi ƙaninsu ya gama makaranta. Ba ta taɓa zama tauraruwa ba. Ita ce ta huɗu, ita ce ta biyar, in rana ta yi kyau ta zo ta uku. Kocinsu, wani dattijo mai ɗingishi da usur a wuya, yakan ce, "Zabuwa ba ta da ƙafar zinare, amma tana da kunnen jin magana. Ku ba ni irinta goma in huta."

A nan ta haɗu da mijinta, direban bas ɗin da ke kai su gasa. Mutum ne mai surutu, ba ya rabuwa da ɗan tsinken sakace a baki. Ranar da ya fara yi mata magana cewa ya yi yana neman matar da in mota ta mutu a hanya za ta ruga ta sayo fetur. Kowa Direba yake ce masa, har Inna bayan ya zama surukinta. Suka kama ɗaki da falo a wani gidan haya mai famfo ɗaya a tsakar gida. Da ta haifi 'yarsu Mimi, sai ya koma Baban Mimi a bakinta.

Haihuwar ta zo da wahala. Da ta warke ta koma fili, sai wani ciwo ya kama ta a ƙugu, yana saukowa cinyar hagu kamar ana jan igiya. Likitan ƙungiya sai an yi sa'a ake ganinsa, kuma lokacin hutun haihuwa an cire sunanta daga waɗanda yake dubawa, ba a mayar ba. Ta je ofis ta yi magana, aka ce ta dawo. Ta dawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya.

A bakin layinsu akwai wani mai kemis. Likita ake ce masa, ko da yake kowa ya san bai yi karatun likita ba. Mutumin kirki ne a idon unguwa. Shi ke ɗaure wa yara rauni, shi ke gwada wa tsofaffi jini, ranar da Mimi ta shaƙe da majina shi ya bar shagonsa a buɗe ya bi su asibiti. Da Zabuwa ta yi masa ƙorafin ƙugu, ya ce akwai wata allura da yake yi wa masu dako da magina, sau biyu kawai, ciwon ya kwanta.

Ta ce, "Likita, ka san aikina. Mu akwai abubuwan da aka hana mu."

Ya yi dariya yana fasa bakin kwalbar. "Haba Maman Mimi, ni zan cuce ki? Maganin ciwo ne da bitamin. Har tsohuwata na yi wa."

Ta shiga bayan labule, ya yi mata. Bayan mako ya ƙara. Ciwon kuwa ya kwanta.

A gasar ƙasa ta wannan shekarar Zabuwa ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, ta zo ta biyu. Koci ya jefar da hularsa sama, Direba ya riƙa danna hon a wajen fili har masu gadi suka yi masa magana. Tana cikin haki wata mata mai kati a wuya ta zo ta ce an zaɓe ta gwaji. Ba sabon abu ba ne, an taɓa yi mata. Ta bi ta, ta ba da fitsari a gabanta kamar yadda doka ta ce, aka raba kwalba biyu aka rufe. Da aka tambaye ta ko ta sha wani magani kwanan nan, ta faɗi na mura da na ƙarin jini. Allurar ta kwana biyu da yi, ko a ranta ba ta zo ba.

Bayan kusan wata biyu, wata safiya suna ɗumama jiki, Koci ya kira ta gefe, can wajen tulin katifun masu tsalle. Bai hura usur ba, hannu ya ɗaga mata. Da ta zo sai ya ƙi kallon fuskarta.

"'Yata, sakamakonki ya fito."

"Wane sakamako, Koci?"

"Na gwaji. Sun ce sun sami abu."

Ya faɗi sunan abin, dogon suna da harshenta ya kasa kamawa, ya ce yana cikin masu gina tsoka. Ta yi dariya, don ta ɗauka kuskure ne da za a gyara kafin azahar. Sai da ya ce an dakatar da ita daga yau har a zauna a kan maganarta, kuma ba shi da ikon barinta ta ƙarasa ko atisayen wannan safiyar, sannan ta daina dariya. Ta zauna a kan katifa. 'Yan matan ƙungiya suna zagaya fili, duk wadda ta zo daidai su sai ta saci kallo.

Ya ce a hankali, "Gaya mini gaskiya, ni ubanki ne a nan. Wani ya ba ki wani abu?"

"Wallahi Koci ko lemun kwalba ba na karɓa a hannun wanda ban sani ba."

Tana kwashe kayanta daga akwatin ƙarfe na ɗakin canja kaya allurar ta faɗo mata a rai. Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

Labari ya riga ta isa gida. Shirin wasanni na rediyo ya faɗa, ya ce an kama ta da ƙwayoyin ƙara kuzari. Mutanen unguwa ba su ji "ƙara kuzari" ba, "ƙwaya" kawai suka ji. Matar da suke layin famfo tare ta janye 'yarta daga wasa da Mimi. Wani yaro ya bi Direba yana tambaya ko matarsa na sayarwa ne ko sha kawai take yi, sai da aka riƙe shi. Da yamma Inna ta zo, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a bakin gado.

"Ke, dube ni. Ƙwaya kike sha?"

"Inna, ni?"

"To me suke faɗa a rediyo? Har daga ƙauye an kira ni."

Zabuwa ta yi ta bayani, allura, ƙugu, fitsari, kwalba. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To ai da sauƙi. Ku je ku gaya musu ba ki sani ba." Ita ma Zabuwa a lokacin haka ta ɗauka.

Ƙungiyar 'yan wasa ta haɗa ta da wata lauya da ke irin wannan aiki kyauta, matashiya mai gilashi, ofishinta a saman wani shagon sayar da tayoyi. Ta ba ta kujera, ta saurare ta ba tare da katse ta ba, sannan ta cire gilashin ta murza idonta.

"Yaya, bari in gaya miki yadda abin yake, kada in yaudare ki. A wannan shari'a ba sa tambayar ko kin sani. Abin da aka samu a jikinki naki ne. Hukuncinsa shekara huɗu. Abin da zai rage shi kawai shi ne mu nuna musu ta inda ya shiga, mu kuma nuna ba da gangan ba ne."

"Ai na gaya miki ta inda ya shiga."

"Ni kin gaya mini, kuma na yarda. Su ba za su karɓi bakinki kaɗai ba. Kowa da aka kama haka yake cewa. Sai mai kemis ɗin ya zo da kansa ya ce ga abin da ya yi miki."

Ta yi maganar buɗe kwalba ta biyu a sake gwadawa, amma ta ce nauyin hakan a kan ɗan wasa yake, kuma in allurar ce, abin da ke ta farko shi ke ta biyun. Suka bar wannan.

Da Zabuwa da mijinta suka je shagon, mai kemis ya tarbe su da fara'a, ya jawo benci. Ya ce ya ji abin da ya faru, ransa ya ɓaci, wannan ai zalunci ne. Ya ce ko gaban wa zai je. Direba ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana godiya. Amma da lauya ta zo da kanta ta ce za a tambaye shi sunan allurar, da inda ya saya, da takardar izininsa ta yin allura, sai fara'ar ta ragu. Ya ce bari ya duba kayansa. Bayan kwana biyu ya ce kwalin ya ƙare, an zubar. Bayan mako ya ce shi fa ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma. Duk da haka, da Zabuwa ta tsaya a gaban kantarsa da Mimi a baya ta ce, "Likita, don Allah, kai kaɗai nake da shi," ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu zai zo.

An yi zaman kwamitin ladabtarwa a wani ɗaki da ke saman babban filin wasa. Dogon tebur, fanka mai ƙara, robobin ruwa a jere. Ta taga ana hango layukan tsere. Mutum uku ne a kan tebur: wani tsohon alƙali a tsakiya, wata likita, da wani tsohon ɗan tsere da Zabuwa ta taso tana jin sunansa. Gefe guda lauyan hukumar yaƙi da ƙwayoyi ne da tarin takardu. Kusa da Zabuwa aka ajiye kujerar shaida.

Da safen Direba ya biya don ya ɗauko mai kemis, ya tarar da shago a kulle. A gidansa aka ce ya fita tun asuba. Wayarsa a kashe. Alƙalin ya yi musu haƙuri, ya ɗaga zaman zuwa bayan azahar. Zabuwa ta zauna a matakala tana kallon ƙofar shigowa, duk babur da ya tsaya sai ta miƙe. Bai zo ba.

Ba wanda ya ɗaga mata murya a ɗakin, abin da ya fi ci mata rai ke nan daga baya. Cikin ladabi suka yi ta tambaya. Me ya sa ba ta je wurin likitan ƙungiya ba? Ta faɗa. Tana da shaidar cewa ta nema? Ba ta da ita, da baki ta yi magana. Ta ga sunan allurar a jikin kwalba? Ba ta duba ba. Ba a taɓa koya musu cewa su duba ba? An koya musu, a wani taro, da allo da hotuna. To me ya sa ba ta faɗi allurar ranar gwaji ba? Ta ce ta manta. Da ta ji kalmar ta fito daga bakinta, ita kanta ta ji yadda ta yi kama da ƙarya.

Lauyan hukuma ya miƙe ya ce a lura da abu ɗaya: mace ta yi shekaru tana ta huɗu da ta biyar, ta haihu, ta dawo, sai ga ta ta biyu. Ya bar maganar a nan ya zauna. Zabuwa ta so ta ce ta yi atisayen da ba ta taɓa yi ba, tana shayarwa tana fita, ta so ta ce wadda ta saba cin gasar ba ta zo ba a bana. Lauyarta ta dafa mata gwiwa. Tsohon ɗan tseren biro kawai yake juyawa har aka tashi.

Hukunci ya fito shekara huɗu. Aka soke sakamakonta, aka ce ta mayar da lambar azurfa. Wadda ta zo ta uku, wata yarinya 'yar ƙungiyarsu da Zabuwa ke koya wa yadda ake ajiye numfashi, ita aka ba. Yarinyar ta zo har gida tana kuka, ta ce, "Anti, wallahi ba na so." Zabuwa ta ce ta karɓa, ba ita ta yi ba. Ƙarshen wannan watan kamfani ya sallame ta, tunda aikin da aka ɗauke ta don shi ba za ta iya yi ba.

Direba ya ɗauki ƙarfen cire taya ya nufi bakin layi. A tsakar gida ta sha gabansa, ta riƙe rigarsa.

"Baban Mimi, in ka taɓa shi kai za a kulle. Sai in yi da wanne?"

"Mutumin nan ya kashe mu yana zaune yana sayar da farasitamol!"

"Na sani. Ajiye."

Ya jefar da ƙarfen, ya zauna a bakin famfo ya rufe fuska.

Lauya ta ce akwai ɗaukaka ƙara, a gaban wasu alƙalan wasanni da ke wata ƙasa, ta kwamfuta za a yi. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba, amma in mai kemis ya yi magana akwai ɗan haske. Kafin su koma wurinsa sai ga matarsa ta zo. Ta durƙusa a ƙofar ɗaki ta ƙi hawa tabarma.

"Maman Mimi, ki rufa mana asiri. Tun ranar nan ba ya barci, ba ya cin abinci. In ya faɗa za a rufe shagon, ƙila a kama shi. Yaranmu biyar. Ki dubi Allah."

Zabuwa ta dube ta. Matar nan ce ta yi mata wankan Mimi na farko. Ta ce, "To ni wa zai rufa mini nawa?" Mimi na ta jan zanin baƙuwar.

Ko matar ce ta yi masa magana, ko zuciyarsa ce ta dame shi, ba ta sani ba. Ana saura kwanaki ya aiko cewa zai zo, kuma ya zo, da farar riga mai guga, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa.

A ofishin lauya aka yi, kwamfuta a kan tebur, su huɗu a matse a gabanta. Fuskoki uku suka bayyana a ƙananan akwatuna, kowa a ɗakinsa, bayan ɗaya akwai kantar littattafai, bayan wata akwai taga da ruwan sama ke sauka. Akwai tafinta, murya kawai ba fuska. Daga ƙasa ƙarar injin hura taya na tasowa, sai da Direba ya sauka ya roƙe su. Zabuwa ta fara bayani ke nan wuta ta ɗauke. Kafin a tayar da janareto a dawo, fuskokin sun daskare, ɗaya baki a buɗe. Da aka haɗa, shugabar zaman ta ce ba komai, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Zabuwa ta rasa inda ta tsaya. Abin da ta kwana tana shiryawa ya watse. Ta yi magana mai tsawo a kan ƙugunta da haihuwa da ofishin da aka yi ta ce mata ta dawo, sai ta ji tafinta ya juya shi cikin 'yan kalmomi.

Aka zo kan mai kemis. Ya rantse, ya ce e, ya yi mata allura sau biyu. Zabuwa ta ji numfashinta ya sauka. Sai lauyan hukuma, wanda shi ma ta kwamfutar ya shigo, ya karɓe shi.

"Mene ne sunan allurar?"

Ya ambaci wani suna, sannan ya ce ko kuwa wani ne, kwalayen suna kama.

"A ina ka saya?"

"Wurin masu kawo mana kaya."

"Su wa?"

"Suna da yawa, ranka ya daɗe. Wani a mota yake zuwa."

"Kana rubuta abin da ka yi wa mutane?"

"A'a."

"To ka tabbata abin da ka yi mata yana ɗauke da sinadarin da aka samu a jikinta?"

Mai kemis ya dubi lauya, ya dubi Zabuwa, gumi na bin wuyansa. Ya ce, "Tsakani da Allah ban sani ba. Ni abin da aka ce mini maganin ciwo ne."

Gaskiya ya faɗa, Zabuwa ta san haka. Shi ma bai san abin da ya zuba mata ba. Ta ga lauyarta ta ajiye biro a hankali.

Da aka ba ta damar magana ta ƙarshe, ba ta tuna komai na doka ba. Ta ce ita gudu kawai ta iya, tun tana yarinya, kuma shekarunta sun kusa talatin, in aka ce huɗu to an ce har abada ke nan. Shugabar ta gyaɗa kai, ta gode mata da kyau, ta ce za su sanar da hukunci a rubuce. Akwatunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya rage fuskokinsu su huɗu a gilashin.

Amsar ta ɗauki watanni. Lauya ta kira ta ofis ta karanta mata, tana fassarawa. Alƙalan sun ce ba su ce ƙarya take yi ba, mai yiwuwa ne abin ya faru yadda ta faɗa. Amma "mai yiwuwa" bai isa ba, ba a tabbatar da ta inda sinadarin ya shiga ba, don haka ba su da hurumin rage ko wata ɗaya. Sun nuna tausayawa ga halin da take ciki.

"Daga nan sai ina?" in ji Zabuwa.

"Daga nan babu, Yaya."

Mai kemis bai tsira ba shi ma. Maganar ta kai kunnen masu duba shagunan magani, suka rufe shagon. Ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar ba sallama. Wasu a layin suka ɗora mata laifin, suka ce ta raba unguwa da mai taimakonta.

Ta yi wata da watanni a ɗaki. Sai shugabar wata makarantar 'yan mata, wadda ta san ta tun tana gasa, ta aiko a kira ta. Ta ce ita ba ruwanta da abin da rediyo ya faɗa, tana son mai koya wa ɗalibanta tsere, ga gasar makarantu na tafe. Ranar Zabuwa ta dawo gida da sauri, ta jawo jakar kayan wasanta daga ƙarƙashin gado, ta wanke, ta shanya. Direba ya dawo ya ga riguna a igiya, ya ce, "A'a, yau kuma Koci muka samu a gidan? Sai mu riƙa gaisuwa da usur." Suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba.

Don kada ta sake yin kuskure, ta kira lauya ta gaya mata. Lauya ta tambaya ko makarantar na shiga gasar da ke ƙarƙashin hukumar wasanni. Ta ce e.

"To ba zai yiwu ba. Dakatarwar ba gudu kaɗai ta hana ki ba. Ba koyarwa, ba riƙe agogo, ba komai a wurin da ke ƙarƙashinsu. In aka gani za a iya sabunta miki hukuncin daga farko, yaran ma a jawo musu matsala."

"Ko yara? Ko in tsaya a gefe in ce su ɗaga gwiwa?"

"Ko wannan. Ki yi haƙuri, Yaya."

Ta je da kanta ta ba shugabar makarantar haƙuri. Ta bi ta gefen filinsu, yara na gudu ba tsari, wata doguwa a cikinsu tana jefa ƙafa tana ɓata ƙarfinta a banza. Bakin Zabuwa ya buɗe zai yi magana, ta rufe shi, ta wuce.

Yanzu a ɗakin wanki na wani otal take aiki. Ɗaki ne a ƙasa, ba taga, injuna uku na juyawa, zafi kamar gidan burodi. Ita ke guga da ninke zannuwan gado. Abokan aikinta ba su san ta da Zabuwa ba, Maman Mimi suke ce mata, kuma ba ta gyara musu ba. Tsayuwar yini ta dawo mata da ciwon ƙugu, ya fi na da. Wata rana shugabar ɗakin ta ga tana dafa tebur tana cije leɓe, ta buɗe jaka ta miƙo mata ƙwaya biyu.

"Sha wannan, yanzu zai sake ki."

"Na gode, Anti. Ba na sha."

"Maganin ciwo ne fa kawai."

"Na sani. Har yanzu suna iya zuwa gwada ni, ko ina nake. In ina son komawa, dole in zauna a shirye."

Matar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta dubi yadda ta karkace a tsaye. "Komawa ina, 'yar nan?"

Injin na biyu ya tsaya yana ƙara, Zabuwa ta ja kwando ta nufe shi tana jan ƙafar hagu, ta buɗe murfin, tururi ya bugi fuskarta, ta fara zaro zannuwan.